Nama yana ruɓewa cikin kwana uku, to me ke tsare furotin a cikin ƙasa shekara da shekaru?

Tsohon mahauci, Asawase

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masu ilimin ƙasa da noma, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon maganata, domin sai na faɗi mafarin abin kafin a gane inda ya ɗaure mini kai. Na yi shekara fiye da talatin ina fawa a nan Kumasi, da ƙarfi ya fara raguwa sai na bar wa yara teburi, na koma noman masara a wata gona da na samu a yankin Ejura. Bara a ƙaramar damina masarar ta tsiro da kyau, amma tana kai gwiwa sai ganyen ƙasa ya soma yin ɗorawa daga tsini, launin yana bin tsakiyar ganyen yana shiga ciki, kuma duk manomin da ya gani sai ya ce yunwar taki ce. Ɗana, wanda ya yi karatun boko mai zurfi, ya ɗebi ƙasar gonar daga wurare da dama ya kai gwaji, takarda ta fito da cewa naitirojin ɗin da ke ciki, wato sinadarin da masara ke nema a jikin takin yuriya, 0.08 ne cikin 100. Ya zauna ya yi lissafi, ya ce mini wannan ɗan adadin da nake rainawa ya fi abin da ke cikin buhun yuriya ɗari a kowace hekta, kuma wai mafi yawansa furotin ne ko danginsa, wani ma ya yi ɗaruruwan shekaru a kwance a wurin.

A nan ne na ƙi yarda, domin in dai nama ne, ba a yi mini karatunsa. Tsokar da aka yanka da asuba, idan ba ta ga wuta ko ƙanƙara ba, kafin magariba ta fara sauya ƙamshi, kuma jinin da muke turawa rami mu rufe da ƙasa, bayan mako biyu ko an tona ba a tarar da komai sai baƙin tabo. An koya mana cewa nama da jini furotin ne. To yaya abin da ba ya iya kwana uku a sarari zai shekara ɗari a cikin ƙasa mai zafi da laima irin tamu? Idan kuma da gaske yana nan da wannan yawa, me ya hana masarata ta ci, har sai na cire kuɗi na sayo takin zamani?

Malami mai ritaya, Tafo Zango

Wa alaikumus salam, Alhaji. Lissafin ɗanku daidai ne, kuma shakkar da kuka yi ita ma tana kan hanya, domin masana kansu sun shafe shekaru masu yawa suna kokawa da wannan tambaya. Hekta ɗaya ta ƙasa mai yashi irin ta Ejura, idan aka ɗauki zurfin santimita 20 da garma ke juyawa, nauyinta ya kai wajen kilo miliyan 3, kuma 0.08 cikin 100 na wannan shi ne kilo 2,400. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, saboda haka buhu ɗari da 'yan kai ke nan, kamar yadda yaron ya faɗa. Sai dai gwajin da aka saba yi, wanda wani masani ɗan ƙasar Denmark mai suna Johan Kjeldahl ya ƙirƙiro a 1883, dafa ƙasar yake yi a cikin asid mai ƙarfi har komai ya narke, sannan a auna jimilla. Saiwar masara ba ta da wannan asid. Abin da take sha shi ne amoniyam da naitiret, wato siffofin naitirojin guda biyu da ke narkewa a ruwan ƙasa, alhali fiye da kashi 90 cikin 100 na naitirojin da ke saman ƙasa a ɗaure yake cikin ragowar halittu. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, wato bakteriya da dangin fumfuna, su ne ke kwance shi, kuma abin da suke sakewa a shekara bai cika wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba, ko da yake zafi da laima suna ƙara masa sauri. A gonarku wannan kilo 50 zuwa 70 ne a tsawon shekara guda, masara kuwa wata uku zuwa huɗu take yi a gona, ciyawa ta ci nata, ruwan sama ya wanke wani, ga shi kuma kowane tan na ƙwayar masara yana neman abin da ya kai kilo 20 ko sama da haka.

Yanzu ga ainihin tambayar. A shekarun 1930 Selman Waksman na Amurka, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 1952 saboda maganin tarin fuka, ya koyar da cewa furotin yana haɗuwa da sinadarin da ke ba itace tauri, su zama wani sabon abu mai wuyar ruɓewa, kuma wannan ne baƙin da ke cikin ƙasa mai kyau. Irin wannan bayani muka karanta a makaranta, kuma irinsa na koyar shekaru da dama. Da na'urorin bincike suka inganta a shekarun 1990, aka iya leƙa naitirojin na cikin ƙasa ba tare da an narkar da ita ba, sai aka tarar mafi yawansa yana nan da irin ƙullin da ke haɗa amino asid da amino asid, wato ƙananan gaɓoɓin da ake jerawa su zama furotin, a cikin furotin na yau da kullum. Wato ba wani sabon abu mai tauri ya koma ba. An kuma gwada zuba amino asid tsura a ƙasa mai laima, aka ga cikin sa'o'i kaɗan an cinye rabinsa, wanda ya yi daidai da abin da kuka gani a ramin jini. Saboda haka ra'ayin da ya rinjaya yanzu, wanda gungun masana suka fito da shi fili a mujallar Nature a 2011, shi ne cewa abin da ke daɗewa a ƙasa yana daɗewa ne saboda inda yake da abin da ya riƙe shi, ba don shi kansa ya gagari ci ba.

Babban mai riƙon shi ne yumɓu da tsatsa. Ƙwayar furotin doguwar sarƙa ce, a jikinta akwai wurare masu cajin lantarki na wannan ɓangare da na wancan, akwai kuma wuraren da ke gudun ruwa, saboda haka kusan duk fuskar da ta taɓa sai ta sami abin kamawa. Wanda ya taɓa ratsa ƙarangiya da babbar riga ya san abin da nake nufi, domin ƙaya ɗaya ba ta da ƙarfi, amma da yake ta kama ta wurare da yawa, kana ɓamɓare nan can yana riƙe. Bakteriya ba ta da baki, ba ta iya haɗiye furotin gaba ɗaya, sai dai ta fitar da wani sinadari da ake kira inzayim ya daddatsa sarƙar a waje, ita kuma ta tsotsi gutsattsarin. Furotin ɗin da ya baje ya manne a jikin yumɓu siffarsa ta sauya, inzayim ba ya samun gaɓar da ya saba yankawa. Abin da ya fi ba ni mamaki kuma shi ne inzayim ɗin kansa furotin ne, saboda haka shi ma yakan maƙale a hanya kafin ya isa inda aka aike shi. Wannan ba sabon sani ba ne gaba ɗaya, domin tun a 1942 wasu masana biyu, Ensminger da Gieseking, sun nuna a Amurka cewa furotin da ya manne a yumɓu yana jure wa inzayim fiye da wanda ke yawo a ruwa, sai dai an daɗe ba a ba aikin nasu matsayin da ya kamata ba.

Yumɓu kuwa iri-iri ne. Baƙar lakar da ke wajen Akuse a filayen Akra, wadda ke tsagewa da rani ta kumbura da damina, tana da yumɓun da giram ɗaya nasa zai iya samun fuska mai faɗin murabba'in mita 700, wato giram 10, abin da bai wuce ƙaramin cokali biyu ba, ya kai faɗin filin ƙwallo na Baba Yara. Jar ƙasarmu ta Asante yumɓunta kawolin ne, wanda faɗin fuskarsa bai cika wuce murabba'in mita 10 zuwa 30 a giram ba, amma Allah ya rama mata da tsatsar ƙarfe, wadda ita ce ta ba ta jan launi, da kuma ta alminiyam, kuma a ƙasa mai ɗan tsami tsatsa tana kama ragowar halittu da ƙarfi ƙwarai. Yashi shi ne matalaucin cikinsu, kusan ba shi da inda zai riƙe komai, shi ya sa 0.08 ɗinku ba abin mamaki ba ne a Ejura.

Bayan mannewa akwai ɓoyo. Idan kuka murza dunƙulen ƙasa daga ƙarƙashin kurmi ko tsohuwar gonar koko, za ku ga yana farfashewa kamar tsaki, kuma a cikin kowane ɗan dunƙule akwai ramukan da bakteriya, mai girman kashi ɗaya cikin dubu na milimita, ba ta iya shiga, wasu ma ko inzayim ba ya ratsa su. Abu na ƙarshe da zan ƙara, wanda ya shafi sana'arku kai tsaye, shi ne cewa furotin ɗin da ke cikin ƙasa yawancinsa ba na ganye ko jinin da aka zuba ba ne. Wancan an cinye shi tun da wuri. Na jikin masu cin ne, domin suna ci su hayayyafa su mutu, gawarwakinsu su manne a yumɓu, kuma ana gane haka ta wasu sinadarai na bangon jikin bakteriya da fumfuna da ake samu da yawa a tsohuwar ƙasa.

'Yar majema, Alabar

Allah ya saka wa Malam da alheri. Ni ba masaniya ba ce, amma a gidan jima na tashi, kuma bayanin nan ya tuna mini da abin da nake gani tun ina yarinya. Ɗanyar fatar akuya idan aka yar da ita, kwana biyu ya isa ta yi ɗoyi, tsutsa ta shiga. Amma idan aka tsima ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa ta ɗauki kwanakinta ana juyawa, sai ta zama abin da ake ɗinka gafaka da kube da matashi, kuma akwai gafakar kakana a gidanmu wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, har yau ba abin da ya same ta sai ɗan bushewa. Fata dai furotin ce, ba a sauya mata asali ba, baurin bagaruwa ne ya shiga ya ɗaure zaruruwanta. Abin da nake son sani shi ne ko irin wannan jima tana faruwa da kanta a cikin ƙasa, tun da akwai ganyaye da ɓawo masu bauri da yawa da ke zuba a ƙarƙashin itatuwa.

Ina kuma da tawa matsalar, wadda nake ganin ta shafi zancen. Ina da 'yan kunyoyin latas da albasa mai ganye a wajen Gyinyase, kuma kamar kowa a wurin da kashin kaji nake taki. Wata rana aka kawo mini wanda garin katakon da aka shimfiɗa wa kajin ya fi kashin yawa, sabo fil, ban bar shi ya kwanta ba na juye shi a kunyoyin. Maimakon latas ɗin ya yi kore shar, sai ya ƙanƙance ya yi fari-fari har kusan wata guda, kamar na kwashe masa abinci ne ba ƙara masa na yi ba.

Ɗalibar kimiyyar ƙasa, Ayigya Zango

Hajiya, abin da kika hango gaskiya ne, kuma masana da sunan jimar ma suke kiran sinadarin, domin tanin da ke cikin bagaruwa daga kalmar jima ya samo sunansa a harsunan Turai. Ganyen da ke da tanin da yawa idan ya faɗi, tanin ɗin yana kama furotin ɗin ganyen da kuma inzayim ɗin da aka turo a cinye shi, sai sakin naitirojin ya yi jinkiri, shi ya sa masu binciken takin ganye ba yawan naitirojin kaɗai suke dubawa ba, har da yawan baurin ganyen. Latas ɗinki kuwa garin katako ne ya yi masa fashi. Ƙananan halittu suna buƙatar abincin da kabon ɗinsa, wato sinadarin da ya fi yawa a gawayi, bai wuce wajen ninki 25 na naitirojin ba, garin katako kuwa nasa ninki ɗaruruwa ne, saboda haka da suka sami wannan tulin kabon sai suka wawushe amoniyam da naitiret na cikin kunyar don gina jikinsu. Bai ɓace ba, furotin ya koma a jikinsu, kuma wani kaso yana dawowa bayan sun gama da katakon sun mutu. Maganin abin shi ne a tara takin a jiƙa shi, a riƙa juyawa har zafinsa ya sauka ya yi baƙi, sannan a kai gona.

Da izinin Malam, ina so in kai maganar cikin ruwa, domin akwai mai tsaro na uku da bai ambata ba, kuma misalinsa mafi kyau yana nan kusa da mu. Tafkin Bosomtwe, wanda ke wajen kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, rami ne da dutsen da ya faɗo daga sama ya haƙa shekara miliyan 1.07 da suka wuce. Ba kogin da ke fita daga cikinsa, zurfinsa ya haura mita 70, kuma ruwan saman tafkin mai ɗumi yana zaune a kan na ƙasa ba sa cakuɗuwa sosai, saboda haka can ƙasa babu iskar oksijin. Inda babu oksijin babu tana ko tsutsar da za ta tona laka, kuma bakteriyar da ke rayuwa a wurin aikinta a hankali yake tafiya, akwai ma abubuwan da ba ta iya fasawa sam. Shi ya sa lakar take kwanciya sala-sala kamar shafukan littafi. A 2004 wata tawagar ƙasa da ƙasa ta haƙa gindin tafkin ta zaro laka mai kaurin kusan mita 300, kuma tun kafin nan, a 1992, wasu masana biyu, Talbot da Johannessen, sun yi amfani da nau'o'in kabon da naitirojin da ke cikin ragowar halittun lakar suka karanta sauyin yanayi na shekara 27,500. Da a ce naitirojin na ragowar halittu ba ya zama inda ya kwanta, da wannan karatu bai yiwu ba.

A teku ma an ga abin da ya ƙarfafa maganar Malam. Cikin duk abin da ƙananan tsirran saman teku ke samarwa, abin da ke tsira har a binne shi a laka bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma mafi yawansa a bakin manyan koguna da gefen nahiyoyi yake taruwa, inda laka mai laushi ke sauka da sauri ta rufe shi. A 1994 Richard Keil da abokan aikinsa sun ɓamɓaro ragowar halittu daga jikin ƙwayoyin lakar da ta daɗe a kwance, suka miƙa wa bakteriya, sai ga shi an cinye mafi yawansa cikin 'yan kwanaki. A wurina wannan gwaji ya fi kowane bayani, domin abu ɗaya ne, yana manne ya daɗe, an raba shi da yumɓu ya tafi. A 2012 kuma wani bincike ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na kabon ɗin ragowar halittu da ke cikin lakar teku a haɗe yake da tsatsar ƙarfe. Sai dai tsatsa ba amintacciya ba ce a ko'ina, domin a fadamar da ruwa ya kwanta ya daɗe takan narke ta saki abin da ta riƙe, kuma wannan ne launin toka-toka mai ɗigon ja da ake gani idan an haƙa ƙasar fadamar shinkafa.

Akwai wuri ɗaya da nake ganin ya kamata a yi taka-tsantsan da maganar ɗan Alhaji. Cewa naitirojin ya shekara ɗari a gona ba ya nufin ƙwayar furotin guda ce take kwance tun lokacin ba a taɓa ta ba. Sau da yawa ana cinye ta ne, a gina wata da kayanta, mai ita ya mutu, wani ya ci, naitirojin yana ta zagayawa a wuri ɗaya bai fita ba. Furotin da ya tsira da ainihin jerinsa na dogon zamani akwai shi, amma sai inda ma'adini ya kulle shi ruf. A Laetoli ta Tanzaniya an karanta gutsattsarin furotin daga ɓawon ƙwan jimina mai shekara miliyan 3.8, aka wallafa a 2016, kuma ɓangaren da ya tsira shi ne wanda ya fi manne wa ma'adinin ɓawon. Wani misalin da zai ba mahauci sha'awa, ko ya tayar masa da hankali, shi ne wata cutar ƙwaƙwalwar tumaki, 'yar'uwar cutar haukan shanu da ta addabi Ingila a shekarun 1990, wadda gurɓataccen furotin ne ke haddasa ta ba ƙwayar cuta ba. An nuna cewa wannan furotin yana manne wa yumɓu da ƙarfi, kuma a wani gwaji da aka wallafa a 1991 an binne shi a ƙasa shekara 3, aka tono shi yana nan da ikon harbi.

Tsohon mahauci, Asawase

Na gode wa Malam, na gode wa Hajiya, ke kuma 'yata Allah ya yi wa karatunki albarka. Misalin jima ya shige ni sosai, domin da hannuna na sha sayar wa majema fata, ban taɓa kawo wa raina cewa ƙasa ma tana nata irin aikin ba. Amma ku bar ni in yi tambayar ɗan kasuwa. Idan dukiyar tana nan a kulle cikin dunƙulen ƙasa, me zai hana in sa tarakta ta yi ta kaftu sau biyu ko uku har ta farfashe su, masara ta samu? Sannan akwai wani gefe na gonar, bai fi rabin eka ba, inda masu ƙasar suka ce kufai ne kuma a nan tsohuwar bolar ƙauyen take. Ƙasarsa baƙa ce har zurfin hannu, ana tono guntayen tukwane da gawayi da ƙashi, kuma a wurin kaɗai masarar ba ta yi ɗorawa ba, alhali ban zuba masa komai ba.

Malami mai ritaya, Tafo Zango

Alhaji, kaftun zai yi aiki, kuma nan ne haɗarinsa yake. Duk lokacin da faifan tarakta ya farfasa dunƙule ya shigar da iska, abin da ke ɓoye yana fitowa a ci, shuka ta ji daɗi shekara ɗaya ko biyu, amma daga uwar kuɗi ake ci ba daga riba ba, kuma a yashi irin naku uwar kuɗin ba ta da yawa. Masanan ƙasa Nye da Greenland, waɗanda suka yi aiki a nan Gana a shekarun 1950 suka fitar da littafinsu kan noman sassabe a 1960, sun nuna yadda ragowar halittun ƙasa ke raguwa da sauri a shekarun farko bayan an sare daji, da kuma yadda sai an bar gona ta huta shekaru da yawa kafin ta mayar da abin da ta rasa. Gyaran da ɗalibarmu ta yi wa maganar ɗanku na karɓa, kuma shi ne ma ya bayyana dalilin haka, domin abin da ke zagayawa yana buƙatar a riƙa ciyar da masu zagaya da shi.

Baƙar ƙasar kufan nan kuwa ba ku kaɗai kuka lura da irinta ba. Masu bincike da suka auna irin waɗannan wurare a Gana da Laberiya sun wallafa a 2016 cewa kabon ɗin da ke cikinsu ya ninka na ƙasar da ke kewaye da su sau biyu zuwa uku, kuma sun samo asali ne daga toka da gawayi da ƙashi da sharar girki da mata suka yi ta zubarwa a wuri ɗaya tsawon zamani. Gawayi cike yake da ƙananan ramuka, saboda haka yana yi wa yashi wani ɓangare na aikin da yumɓu ke yi, toka tana rage tsami, ƙashi kuma yana ba da fosfaras da kalsiyam a hankali. Kada dai a ɗauki wannan a matsayin izinin banka wa karan masara wuta a gona, domin wutar sarari tana tura mafi yawan naitirojin ɗin karan zuwa sama, abin da ya rage toka ce da iska ke kwashewa.

Abin da zan ba da shawara a kai shi ne a rage kaftu, a bar kara ya ruɓe a gonar, a riƙa sa wake ko gyaɗa ko waken soya tsakanin masara da masara, tun da gudajin da ke saiwarsu suna jawo naitirojin daga iska. Ku kuma kuna da hanyar da wasu manoma ba su da ita, wato kayan mayanka. Busasshen jini yana da naitirojin wajen kashi 12 cikin 100 kuma yana saki da sauri, abin cikin tumbi ya fi kyau a haɗa shi da kara a tara su ruɓe tare, ƙaho da kofato da gashi kuwa furotin ɗinsu a ɗaure yake da ƙullin farar wuta, wanda shi ne warin da ake ji wajen babbaka, saboda haka sukan ɗauki watanni suna saki kaɗan-kaɗan, musamman idan ba a daka su ba. Akwai kuma batun lokaci. Tun a 1958 wani masani mai suna Birch ya nuna a Kenya cewa busasshiyar ƙasa idan ta sha ruwan farko tana sakin naitiret da yawa a tashi ɗaya, domin fari ya kashe ƙananan halittu masu yawa kuma jiƙewar tana fasa dunƙule. A Ejura wannan yakan zo da ruwan Maris da Afrilu, kuma wanda ya makara da shuka ruwa ne zai wanke masa shi zuwa inda saiwa ba ta kai. Idan kun shuka da wuri, sai ku raba takin zamanin kashi biyu, ku sa NPK cikin mako biyu na farko, yuriyar kuma ku jira sai masara ta kusa kai gwiwa, ku binne ta a gefen gindi a ƙasa mai laima, domin wadda aka watsa a sarari rana ta buga, wani kasonta iska yake bi.